Rafin Kawu Mus'ab

"Mama, Kawu Mus'ab ya mutu ne, ya shiga Aljanna?"

Saudatu tana kicin tana juya miyar kuɓewa tambayar ta iske ta, ludayin ya tsaya cak a hannunta. A falo kuwa mahaifiyarta, Hajiya Mastura, ta saki farantin shinkafar da take tsincewa ta dafe ƙirji.

"A'uzu billahi! Tofar da yawu, ke 'yar nan! Ɗan nawa da muka gaisa da safen nan?"

Layan, 'yar shekara shida, ba ta ga abin tofarwa ba. Ta ɗago wayar uwarta da hannu biyu ta kai wa kakarta har hanci.

"To ai ga shi, Sitti. A makarantar tahfiz an ce mana Aljanna lambu ce kore shar, ruwa yana gudu a ƙarƙashin bishiyoyi. Duba ki gani, ga Kawu a ciki."

Saudatu ta goge hannu a zaninta ta zo ta leƙa. Bidiyo ne ƙanenta Mus'ab ya turo daga Ingila, inda ya samu aikin kula da tsofaffi a wani ƙauye can kudancin ƙasar. Ga shi nan cikin rigar sanyi, yana washe baki. A bayansa ciyawa ce har iya ganin ido, da bishiyoyi masu rassa a sunkuye kamar mata masu wanke gashi, ƙarƙashinsu kuma wani ruwa siriri yana tafiya abinsa, garau, har ana ganin tsakuwar da ke ƙasa.

"Ba Aljanna ba ce," in ji Saudatu, tana danne dariya. "Rafi ne. Kawunki yana nan da ransa."

"Mene ne rafi?"

"Ruwa ne mai tafiya."

"Wa ya kunna shi?"

"Ba a kunna shi."

"To wa yake kashewa in an gama? Ba a yi musu faɗa, suna ɓarnar ruwa haka?"

Saudatu ta sake duban bidiyon. Ita kanta a Jidda aka haife ta, a unguwar Hindawiyya, jikar mutanen da suka taso daga ƙasar Kano da niyyar aikin Hajji suka zauna. Aure ya kawo ta unguwar Madain Fahd. Ta san teku, ta san tankin da ke kan rufin gida, ta san motar ruwa da ake jira in famfo ya ɗauke. Amma rafi, tunda uwarta ta haife ta ba ta taɓa sa shi a ido ba. Ga miya tana neman kamawa, ga yarinya ta kafe ta da ido. Sai ta ɗauko abin da ya fi kusa da hannu.

"Kin san majra, wannan babban lambatun siminti da ke bayan baƙalar Nayef mai shago? To kamar ita ce in an yi ruwan sama. Halas, kawo min wayata."

Layan ta gyaɗa kai a hankali, irin gyaɗawar yaron da ya adana magana.

Abin mamaki, tambayoyin yarinyar uwar suka bi. Tana wanke-wanke tana tunanin wannan ruwan. Daga ina yake fitowa da ba ya ƙarewa? Da la'asar ta kira ƙanen nata.

"Mus'ab, rafin nan naku, ina mafarinsa?"

"Yaya, ni aiki na zo yi, ba bin ruwa ba."

"Ranar hutunka fa? Barci kawai kake yi, na san ka. Tashi ka bi shi ka gano min kansa."

"Ke da ko Makka sai an lallashe ki kike fita, yau ke ce mai aiken mutum daji?"

"Yalla, ban son surutu."

Ya kuwa bi. Duk ranar hutunsa sai bidiyo ya shigo, su uku su haɗa kai a kan wayar, uwa da 'ya da kaka. Sunan rafin ya gagari bakin Hajiya Mastura, ta gwada ta gwada ta ce harshenta ba na haya ba ne, Layan ta raɗa masa Rafin Kawu, sunan ya zauna.

Da farko sama ya nufa, yana bin ruwan ta inda yake fitowa. Rafin ya yi ta ramewa, daga faɗin titi ya koma faɗin tabarma, daga nan ya zama abin da yaro zai tsallake. Can a gindin wasu bishiyoyi Mus'ab ya durƙusa ya kusantar da wayar. Ruwa ne ke ɓuɓɓugowa daga ƙasa, shiru, yashi yana rawa a cikinsa kamar gero a tukunya.

"Ga kansa nan," in ji Saudatu.

"Haka na zata. Amma duba gaba."

Ya juya wayar. Kwarin ya ci gaba da hawa tsakanin tuddai, a bushe, ciyawa ta rufe shi. Har da wata 'yar gada ta dutse a kai, ba ko ɗigon ruwa a ƙarƙashinta.

"Gada a kan babu?" in ji Hajiya Mastura. "Turawan nan ba su da aikin yi."

Mus'ab ya ce shi ma ya tambayi wani tsoho a gidan da yake aiki, haifaffen ƙauyen. Tsohon ya ce masa kan rafin ba wuri ɗaya yake zama ba. In sanyi ya yi nisa sai ya haura can sama ya cika wannan kwarin, in zafi ya zo ya sauko. Tuddan nan duk alli ne a cikinsu, irin wanda ake rubutu da shi a allon makaranta. Ruwan sama in ya zuba ba ya gangarowa, allin ne ke shanye shi, ya riƙe wata da watanni, sannan ya riƙa sakinsa kaɗan-kaɗan ta ƙasa.

"Wato ruwan da nake gani yanzu, ba na yau ba ne?" in ji Saudatu.

"Ya daɗe da sauka, Yaya. Sai yanzu ya ga damar fitowa."

Wannan magana ta zauna mata. Ruwa mai haƙuri, ta ce a ranta. Har da ta hau rufin gida shanya ta tsaya tana kallon duwatsun da ke gabashin Jidda, baƙaƙe, tsirara, tana tunanin su me suke yi da nasu ruwan.

Daga nan Mus'ab ya juyo ya bi rafin ƙasa. Suka ga inda aka tare shi a wasu fadamu masu gefen siminti ana noman wani ganye a cikin ruwan, wanda ya ce ya ɗanɗana, yaji-yaji ne kamar ganyen jarjir da suke ci a Jidda. Suka ga ciyawar cikin ruwa, doguwa, kore, mai fararen furanni, tana karkaɗawa ba ta zuwa ko'ina. Suka ga kifaye masu ɗigo-ɗigo sun tsaya wuri ɗaya, kansu na fuskantar inda ruwa ke zuwa, sai jela kawai ke motsi.

"Me suke jira?" in ji Layan.

"Abinci. Ruwa ne ke kawo musu har baki."

"Irin Babanki ke nan," in ji Hajiya Mastura, "a zauna a kawo."

"Zan gaya masa, Sitti!"

"Gaya masa mana, ƙawata. Tsoronsa nake ji?"

Rafin ya shiga ƙauyen ta bayan wata tsohuwar coci, ya bi bayan gidaje, kowane gida da 'yar gadarsa ta katako. Ya wuce wani tsohon gidan niƙa da ƙaton gargarensa na katako wanda ruwa ke juyawa a da. Ya rabu biyu a kan wani ɗan tsibiri, ya sake haɗewa a gaba, kamar 'yan'uwan da suka yi faɗa da safe suka ci abinci tare da rana. A wani wurin shanu ne tsaye a ciki har gwiwa suna tuƙa. A wani wurin kuma shinge ya tare Mus'ab, da allon da ke cewa wannan gaɓar tana da mai ita, dole ya yi zagaye.

"Har ruwan Allah ma da mai shi?" in ji Hajiya Mastura.

Amma inda ya sace zuciyar Layan shi ne mashigin da ke tsakiyar ƙauyen, inda hanya take sauka cikin ruwa ta fito ta ɗaya gefen. Nan yara suke shiga da dogayen takalman roba, ruwa iya idon sawu, suna kamun ƙananan kifaye da 'yar koma. Wasu kuma suna jefa tsinke a ruwa, su bi shi da gudu suna ihu, a ga na wa zai riga wucewa ƙarƙashin gada. Ta kalli wannan bidiyon har wayar ta yi zafi. Ta dami ubanta, Abdulghaffar, mai gyaran na'urar sanyaya ɗaki, sai da ya shigo wata rana da takalman roba ruwan ƙwai daga kasuwar Balad.

"A garin da ruwan sama yake zuwa kamar baƙon shekara?" in ji Saudatu. "Ina za ta sa su?"

"Bar ta mana, Umm Layan. Ko a banɗaki ta sa."

A banɗakin ta riƙa sa su kuwa, ta tsaya a cikin baho tana jefa tsinken tsintsiya.

Bidiyon ƙarshe mahaɗa ce. Rafin Kawu ya fito daga cikin wasu dogayen ciyayi ya shiga wani kogi da ya fi shi girma, ruwansa mai haske ya ɗan yi tafiya a gefe shi kaɗai, sannan ya ɓace. Daga nan, in ji Mus'ab, ba a ƙara kiran sunansa, sai sunan babban, har teku. Hajiya Mastura ta ce, "Haka kakanninku suka shigo garin nan," ta miƙe ta tafi alwala.

Ruwan saman Jidda ya zo a farkon sanyi, wata safiya. Tun asuba saƙon gargaɗi ya shigo waya, aka ce ba makaranta. Abdulghaffar ya riga ya fita aiki. Sama ta yi baƙi, aka tsuge kamar da bakin ƙwarya, maƙwabta suna leƙowa ta taga suna addu'ar Allah Ya sa mai amfani ne. Kafin azahar aka ɗauke, rana ta ɗan leƙo. Yaran unguwa suka fito suna tsalle a cikin kududdufai, kamar yadda Saudatu ma ta yi tana ƙarama, don a garin nan ruwan sama biki ne.

Layan ta riga ta zura takalmanta.

"Ƙofar gida ce iyakarki," in ji Saudatu, tana nuna ta da yatsa. "Kina jina? Inda Sitti za ta riƙa hango ki."

"To, Mama."

Saudatu kuma ta ɗauki tsintsiya ta hau rufi, don bututun da ke zubar da ruwa ya toshe, ruwan ya kwanta yana neman tsattsafowa cikin ɗaki. Ta durƙusa ta zaro leda da ganyaye, ruwan ya fara zurarewa. Da ta miƙe tana miƙa baya sai idonta ya faɗa gabas. A kan unguwarsu rana ce, amma can kan duwatsu hadari ne baƙi ƙirin, ya sauko har ƙasa kamar labule, walƙiya na tsaga shi.

Ta tsaya tana kallo. Waɗancan ba alli ba ne. Ba abin da za su shanye. Duk ɗigon da ya faɗi a kansu yanzu yana hanya, kuma hanyar nan ta cikin gari ta bi. Tana 'yar budurwa aka yi babbar ambaliyar nan ana gab da hawan Arfa, ta ga motoci a kan juna kamar kwanonin wanke-wanke. Ta san wannan tun ba yau ba. Sai ta lura tsintsiyar da ke hannunta ta yi sako-sako, an zare mata tsinkaye da yawa.

Ba ta san yadda ta sauko matakalar ba. Hajiya Mastura na zaune a bakin ƙofa da kofin shayi.

"Umma, ina Layan?"

"Yanzun nan take nan. Ta ce min za ta je rafi ta dawo, na ce ta gaishe min da kifaye. Wasanta ne na kullum, ko ba banɗaki take ba?"

Kamar ita ce in an yi ruwan sama. Da bakinta Saudatu ta faɗa wa yarinyar haka.

Saudatu ta fizgi abaya da mayafi ta fita ba takalmi. Ta ratsa yaran da ke wasa, ta sha kwanar baƙalar Nayef, mai shagon yana tsaye yana share ruwa daga ƙofarsa.

"Ya Nayef, ka ga 'yata?"

"Mai takalmi ruwan ƙwai? Ta wuce nan baya."

Majrar tana da shingen waya, amma akwai inda samari suka ɓula don ɗauko ƙwallo. Ta nan Saudatu ta leƙa. Can ƙasa, a tsakiyar faffaɗan simintin, ruwa siriri yana tafiya a hankali, iya idon sawu, rana tana ƙyalli a kansa. Wallahi, sai da ita kanta ta ga kamar Rafin Kawu. Ga Layan a ciki, ta jefa tsinke tana bin sa.

"Mama! Namu ma ya zo!"

Saudatu ba ta yi ihu ba, don kada yarinyar ta firgita ta zame. Ta zauna a kan gangaren simintin ta sulala har ƙasa, fatar hannunta tana sulluɓewa. Ƙafarta na shiga ruwan ta ji ya fi ƙarfin yadda ido ya gani. Launinsa ya fara juyawa ja. Daga gabas kuma wata ƙara tana tasowa, kamar manyan motoci sun jero a kan gada, ga warin laka ya riga ruwan isowa.

"Zo nan, ya binti. Hau bayana."

"Tsinkena bai kai ba tukuna."

"Hau!"

Tun Layan tana jaririya Saudatu ta daina goyo, don 'yan matan unguwa suna cewa abin tsofaffin Takari ne, waɗanda suka zo daga ƙasar Kano. Yau hannunta bai manta ba. Ta sunkuya, ta cilla yarinyar a baya, ta warware mayafinta ta ɗaure tamau a ƙirji. Hannu biyu take bukata. Ruwa ya kai mata ƙwauri. Ta kama gangaren da yatsu da gwiwoyi, ta hau ta zamo, ta sake hawa. Simintin santsi kamar sabulu.

"Kama nan, ya ukhti!"

Nayef ne a bakin ɓular, ya miƙo dogon ƙarfen da yake jawo ƙofar shagonsa da shi. Ta kama, ya ja, tana jin ƙugiyar tana cin tafin hannunta. Takalmi ɗaya ya suɓuce daga ƙafar Layan ya gangara. Suna faɗowa ta cikin shingen ruwan ya iso.

Ba rafi ba ne, bango ne mai tafiya, ja wur. Ya zo da taya, da katifa, da ƙofar firiji, da reshen bishiya da ganyensa. Inda yarinyar take tsaye ɗazu ruwan ya fi tsayin mutum. Takalmin ya juya sau ɗaya a saman kumfa, ba a ƙara ganinsa ba. Nayef sai salati yake yi. Saudatu ta zauna a cikin laka, goyon na bayanta.

Layan ta leƙo ta kan kafaɗarta, ta daɗe tana kallo.

"Mama, me ya sa namu yake fushi?"

A gida Hajiya Mastura ta yi kuka, ta yi faɗa, ta rungume jikar, ta kuma yin faɗa, ta ce a ɗauko mata bulala, da aka yi kamar za a ɗauko ta ce wa ya isa ya taɓa mata ƙawa. Saudatu ba ta daki kowa ba. Ta wanke yarinyar, ta ɗaure hannunta da ya yage, sannan ta kira ta kicin. Ta ɗauko soson wanke-wanke busasshe da farantin silba, ta jingina su a bakin wurin wanke kwanoni, ta cika kofi.

"Wannan soson shi ne tuddan su Kawu. Duba."

Ta zuba. Soson ya shanye. Suka jira, sai can ruwa ya fara ɗiga ta ƙasa, ɗis, ɗis.

"Wannan kuma duwatsunmu."

Ta zuba a farantin. Ruwan ya kwararo gaba ɗaya ya fantsamo musu a riga. Layan ta ja da baya.

"Ba fushi yake ba," in ji Saudatu. "Ba shi da inda zai zauna ne, sai ya taho duka lokaci ɗaya. Ran nan na ce miki majra kamar rafi ce. Ba haka ba ne. Rafi daban, majra daban, ko da babu ruwa a cikinta ba a shiga. Maimaita."

Layan ta maimaita. Sannan ta karɓi kofin ta ce ita ma sai ta gwada, ta gwada har ta jiƙa kicin ɗin kaf.

Da la'asar Mus'ab ya kira, ya ga ambaliyar a labarai. Da ya ji abin da ya faru sai ya yi salati. Ya ce su ma can kwana da kwanaki ake ruwa, amma da ya bi ta mashigin da safe rafin ko gezau, sai ɗan ƙaruwa kaɗan, tsakuwar ma ana ganinta.

"Kawu," in ji Layan, "in takalmina ya zo wajenku ta teku ka ajiye min."

"In sha Allah, gimbiya. Ƙafar hagu ko ta dama?"

Ɗayan yana nan har yau a kan firijin Saudatu, ta ƙi yarda a yar.

Kai da kake karanta wannan, ke ma haka: in yaro ya tambaye ku abin da ba ku taɓa gani ba, kada ku miƙa masa abin da ya fi kusa don a wuce wurin, zai ɗauka yadda kuka faɗa ya je ya gwada. In kuma ruwan sama ya ɗauke a Jidda, rana ta fito, kada ku duba saman kanku, ku duba gabas. Muddin akwai hadari a kan duwatsun nan, ku riƙe hannun yaranku, kada ko ɗaya ya kusanci majra.